Harafin da Na Ɓata a Jikin Motar Alhaji

Shekarun baya, lokacin ina aji uku na firamare a nan Potiskum, na ƙware a wata dabara da har yau in na tuna sai na yi murmushi. Idan malam ya ce a riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya ana karanta shafi, ni can layin baya nake zama. Kafin a iso kaina an karanta shafin ya fi sau goma, na riga na haddace shi da kunne. Sai in miƙe, in ɗora yatsa a kan takarda, in zubo shi tiryan-tiryan, har da tsayawa a inda ake tsayawa. Na yi kusan zango biyu a haka ana yaba mini.

Ranar da dubuna ta cika, iska ce ta juya mini takarda ban lura ba. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya leƙa littafin, ya ce, "Ci gaba, muna jin ka." Ni kuwa na ƙara murya, na kai har ƙarshe. Sannan ya ɗaga littafin ya nuna wa 'yan aji. Ashe shafi biyu ne tsakanina da inda ake karantawa. Daga ranar aka raɗa mini suna rediyo.

Gaskiyar maganar ita ce haruffa ba sa zauna mini wuri ɗaya. Na san fuskokinsu, kamar mutanen da ka saba gani a kasuwa amma ba ka taɓa riƙe sunan kowa ba. In na kama na farko, kafin in kai na uku na farkon ya gudu. B da D kuwa, su ne manyan maƙiyana. A makarantar allo abin ya zo mini da sauƙi, domin in aka biya mini sau biyu ya zauna. Amma a boko, inda ake so ka kalli abin da ba ka taɓa ji ba ka faɗe shi, nan ne nake kasawa.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne mahaifina malamin firamare ne. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna, kuma a duk 'ya'yansa mahaifina ne kaɗai ya yi boko. Duk unguwarmu a Yindiski shi ke karanta wa mutane wasiƙa da takardar asibiti. Ga ni kuma ɗansa na fari. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya kira ni da littafi. Bai taɓa duka na a kan karatu ba, kuma a lokacin na so a ce dukan yake yi. Abin da yake yi shi ne, in na maimaita kuskure ɗaya sau biyar, sai ya cire tabarau, ya murza ido, ya ce a hankali, "Kai dai ba ka sa hankalinka ba ne. Tashi ka je."

Ni kuwa Allah ya sani hankalin nawa gaba ɗaya yana kan takardar, har kaina ya riƙa sarawa.

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, kuma da yake ni ɗan fari ne ko sunana ba ta kamawa, sai dai ta ce "wancan". Amma ta yi iya ƙoƙarinta. An ba ni rubutu na sha har haƙorana suka yi baƙi. An kai ni aka duba mini ido, aka ce ido kam garau, har na fi mai dubawar hangen nesa. Da duk wannan bai yi ba, sai ta koma ga abin da ta lura da shi tun ina ƙarami. In ta gama girki, takan ware gawayi mai tauri ta ajiye mini a bayan randa. Ni kuma in ɗauka in cika bangon madafa da shanu da raƙuma da motoci. Ba ta taɓa gogewa ba. In maƙwabta suka ce mata yaro ya ɓata bango, sai ta ce, "Ku bar wancan, ai bangon nawa ne."

Sakandare na gama ta da taimakon Allah da na wanda ke zaune kusa da ni. Amma jarrabawar ƙarshe ba ta san wannan zumuncin ba. Na zauna sau biyu, sau biyu ina faɗuwa. Bayan ta biyun mahaifina ya daina tambaya ta komai. Mu gaisa da safe, mu ci abinci, shi ke nan. Ƙannena suna ta wuce ni, ni kuma na zama mai zuwa aike.

Kun san garinmu garin manyan motoci ne. Don in guje wa zaman gida, sai na fara zuwa wani gareji a hanyar Damaturu, in zauna ina kallon masu walda da kafintocin da ke haɗa jikin katako. A nan akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ngizim, shi ke yi wa motoci zane. Kullum da goro a baki, da ƙaramin buroshi a maƙale a kunne. Wata rana wata tirela ta dawo daga Kudu, ƙofarta duk ƙura, sai na sa yatsa na zana bijimi a jiki don kashe lokaci. Ban san yana bayana ba.

Ya ce, "Kai, wa ya koya maka juya ƙaho haka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Ya daɗe yana kallo yana tauna goronsa. Sannan ya ce, "Gobe ka zo da tsohuwar riga."

Haka na zama ɗalibinsa, shi kuma ya zama maigidana. Ya koya mini haɗa launi, da yadda katako ke shan fenti, da wanke buroshi da kananzir tun bai bushe ba. A karon farko a rayuwata aka nuna mini abu sau ɗaya na iya. Na so in ɓoye wa mahaifina, amma warin fenti ba ya ɓoyuwa. Wata rana muna cin tuwo ya ce, bai ko ɗago ba, "Na ji ka zama mai fenti."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ce duk abin da ya faɗa a kan sana'ata har shekara uku. Bai hana ni ba, bai kuma taɓa taka ƙafarsa garejin ba.

Akwai abu ɗaya da na ɓoye wa maigidana duk tsawon wannan lokaci. Kowace mota ana yi mata rubutu a ƙyauren baya, karin magana ko addu'a, kuma shi ke yin wannan da hannunsa. Da na ga an zo wajen rubutu, sai in tsiri wanke buroshi ko in tafi sayo fenti. Ko ya gane ko bai gane ba, bai taɓa nuna mini ba. Da hannunsa ya fara rawa, sai ya yanke shawarar komawa gonarsa a wajen Mamudo. Ya tattara buroshinsa a cikin gwangwanin madara ya miƙa mini, ya ce, "Na gaya wa masu motoci kai ne a wurin yanzu. Kada ka ba ni kunya."

Ba a yi sati biyu ba aiki na farko ya zo, kuma babba. Wani Alhaji ne mai safarar shanu, asalin gidansu mutanen Borno ne, an gama haɗa masa sabuwar mota mai jikin katako. Mutum ne mai faɗa amma ba ya riƙo, kuma Hausarsa irin ta mutanensu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce yana son jan bijimi a kowane gefe, da gaggafa a goshi, a baya kuma a rubuta masa da manyan baƙi: bayan wuya sai daɗi. Ya ce shekara ashirin yana bin motar haya kafin ya mallaki tasa, don haka maganar daga zuciyarsa take.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In ce, Alhaji, a rubuta mini a takarda. Ko in je gida in tambayi ƙanwata. Amma ina? Ni da aka fara kira na oga, in buɗe baki in ce ban iya rubuta kalma huɗu ba? Na ce, "An gama, Alhaji."

Kwana biyar na yi a kan zanen, kuma har yau ban jin na taɓa zuba zuciyata a aiki kamar wannan. Na yi bijimin da tozonsa ya ɗan karkata, da leɓen wuyansa, da jijiyar da ke bin ƙafarsa, da ido mai ruwa-ruwa irin na dabbar da ta sha tafiya. Masu walda suka riƙa ajiye aiki suna zuwa kallo.

Saura rubutu. Sai Allah ya nufa akwai wata tsohuwar mota a ƙarshen garejin, an jingine ta shekaru, kuma wani direba ya taɓa ce mini wannan karin maganar ce a bayanta. Na je na kwafo kamar yadda ake kwafar hoto. BAYAN, na samu. WUYA, na samu. SAI, na samu. Kalma ta ƙarshe kuwa, katakon da harafinta na farko yake kai ya karye, an cire shi. Sauran uku suna nan, na farkon ne babu.

Na tsaya da buroshi a hannu ina faɗar kalmar a baki. Na san ɗaya ne daga cikin maƙiyan nan nawa biyu: ko mai tumbi ɗaya, ko mai tumbi biyu. Na yi ta tunani har zufa ta jiƙa mini riga. Daga ƙarshe na ce a raina, ai duk wanda ke cikin daɗi shi ya kamata ya yi tumbi biyu. Da wannan babban ilimi na yanke hukunci. Na yi harafin da kyau kuwa, ja da fari, har da inuwa.

Washegari ranar kasuwar shanu ce. Direba ya zo da sassafe cikin gaggawa, ya zagaya gefe ya yaba bijimai, ya tayar da mota ya tafi. Ba wanda ya duba baya. Kafin azahar, wani abokina mai facin taya ya zo a guje, yana dariya har da riƙe ciki, sai da ya ga fuskata ya daina. Ya ce, "Me ka rubuta wa Alhaji? Duk kasuwa ana ta karantawa. Bayan wuya sai baɗi!"

Wato na sanar da duniya cewa Alhaji ya sha wuya, kuma daɗin sai shekara mai zuwa. An ce dillalai har layi suke yi suna yi masa jaje, suna cewa, "Alhaji, a ƙara haƙuri, baɗi kamar gobe ne." Motar kuma ta kai kaya Damagum ta dawo, duk wanda ya biyo ta a hanya ya karanta.

Na koma gida na shige ɗaki. Na san aikin ya ƙare, domin a gareji suna shi ne jari, kuma nawa ya mutu tun bai yi wata ba. Na tuna maganar maigidana. Amma abin da ya fi damu na shi ne za a ce ɗan Malam ne ya rubuta.

Bayan la'asar na ji sallama a zaure, da muryar da na sani. Alhaji bai neme ni a gareji ba, gida ya zo, don ya san mahaifina. Aka aiko in zo. Na tsuguna a bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "Malam, ni ban zo da rigima ba, amma yaronka ya mayar da ni abin dariya. Motana sabo, yau ya fara fita, kowa yana nuna shi da baki. In raini ne a gaya mini. In wasa ne, ni ba abokin wasansa ba ne."

Mahaifina ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Da gangan ka yi?"

Na buɗe baki in ce kuskure ne na gaggawa, ƙaryar da na saba yi tun ina yaro. Sai ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "Baba, ban iya ba ne. Ban taɓa iyawa ba. Duk zaman da muke yi a gindin darbejiya, wallahi hankalina yana wurin. Ina kallon haruffan, ba sa tsayawa. Har yau ban san wanne ne wanne ba." Ina da shekara ashirin da uku a lokacin, da ɗan gemuna, ina kuka a gaban baƙo.

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mahaifina ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Alhaji, ina motar take yanzu?"

Alhaji ya ce an mayar da ita gareji. Mahaifina ya sa hularsa, muka fita mu uku. Wannan ce ranar farko da ya shiga garejin. Na ɗauka kai tsaye zai nufi bayan motar ya ga ɓarnar, amma ta gefe muka ɓullo, sai ya yi karo da bijimin. Ya tsaya. Ya ja da baya ya kalla, ya matso kusa ya kalla. Ya miƙa hannu ya shafa wajen tozon, kamar yana so ya tabbatar katako ne. Ya zagaya ɗaya gefen, ya ɗaga kai ya dubi gaggafar. Masu walda duk sun ajiye aiki suna kallon sa.

Ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "E, Baba."

"Duka? Ba wanda ya fitar maka da shi?"

"Ba kowa."

Sai ya juya wajen Alhaji. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, an ɓata maka. Amma harafi ɗaya ne, kuma harafi aikina ne. Shekara talatin ina koyar da shi. Wannan kuwa," ya nuna bijimin, "ko shekara ɗari za a ba ni ba zan iya ba."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro guntun alli. Ya ce in shafe harafin da farin fenti. Muka jira ya sha iska, sannan ya sa aka kawo masa benci, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya hau. Mutumin da ko ɗigon miya ba ya yarda ya taɓa masa tufafi, ranar sai da jan fenti ya ɓata masa gaban riga. Ya fitar da harafin da alli, a tsanake, kamar a allon aji. Ya sauko ya ce, "Bismillah. Cike naka ne."

Na ɗauki buroshi na bi layin allin. Da na gama, mahaifina ya karanta da ƙarfi, Alhaji ya yi dariya a karon farko, ya ce, "To, yanzu daɗi ya dawo bana." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, gaba in ba ka sani ba ka tambaya. Ni ma sa hannu kawai na iya."

A hanyar komawa gida mahaifina yana gaba ina biye. Mun kusa kwanar gidanmu sai ya rage tafiya har na iso shi. Bai dube ni ba, gabansa yake kallo. Ya ce, "Na ɗauka ba ka so ne. Duk shekarun nan haka na ɗauka. Ka yafe mini." Na gyaɗa masa kai. Da muka shiga gida mahaifiyata ta ga rigarsa, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah. Yanzu masu fentin sun zama biyu, kananzir ɗin wa zai isa?"

Abin mamaki, aiki bai mutu ba. Waɗanda suka je kallon rubutun don su yi dariya sun ga bijimin, kuma cikin wata guda motoci uku suka zo. Motar Alhaji kuwa, duk da gyaran, Sai Baɗi ake kiran ta har ta tsufa. Mahaifina ya riƙa biyowa ta garejin in ya tashi daga makaranta, ya fitar mini da rubutu da alli, ni in cike. Da ya yi ritaya sai ya zama kullum. Shi ya kawo shawarar mu yanke haruffa a kwali mu jera su a kan ƙusa, kowanne da hoton da zai tuna mini da shi. Daga motoci muka shiga allunan shaguna, daga nan zanen bangon makarantu, har na kama shago nawa na kaina, na ɗauki ma'aikata.

Wata malama ce da na yi wa zanen bango a makarantarta ta lura da yadda nake juya takarda a hannu. Ta yi mini 'yan tambayoyi, sannan ta ce abin yana da suna, wai disleksiya, kuma ba daƙiƙanci ba ne, ba lalaci ba ne, haka Allah ya gina kan wasu. Na je da murna na gaya wa mahaifina, ina tsammanin shi ma zai yi murna. Sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Ke nan ba kai kaɗai ba ne. Yara nawa suka wuce ta ajina a haka, na ce musu ba sa ja?" Ya fara ambato su ɗaya-ɗaya, da inda kowanne yake zama a aji. Bayan kwana biyu ya ce in ɗauke shi a babur. Na kai shi wajen wani tela a cikin kasuwa, ɗaya daga cikin waɗanda ya ambata, mutum da furfurarsa. Na tsaya a waje, ina hango telan ya tashi daga kan keke a rikice yana cewa, "Haba Malam, haba Malam," mahaifina kuma yana riƙe da hannunsa da hannu biyu. Mutum huɗu muka samu a cikin gari, duk sai da ya je ya nemi gafararsu.

Yau shekara shida ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. In na waiwaya, ba na jin haushin shekarun da muka yi ba mu fahimci juna ba. Shi bai san abin da ke damu na ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa, kowa yana zaune da nasa ciwon a gida ɗaya. Abin da na koya shi ne, kalmar "ban iya ba" da na yi shekara goma sha biyar ina gudun ta, ita ce ta buɗe mini duk ƙofar da ta buɗu daga baya. Don haka in kana da yaro da karatu ke ba shi wuya, kafin ka ce bai sa hankali ba, zauna ka tambaye shi me yake gani a takardar. Kuma ka je ka ga abin da yake yi in ba kowa a kansa.

Har yanzu karatuna a hankali yake, saƙon murya na fi ganewa. Wannan ma da kuke karantawa, ni na faɗa da baki, matata ta rubuta a waya. Da muka zo wajen telan nan sai ta ajiye wayar ta ce wai wani abu ya faɗa mata a ido. Na ce ta ɗauki lokacinta, ni ma nawa idon bai gama washewa ba.